Cinikin Rim Na Kasuwa Da Na'urar Lura Da Iskar Taya: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Duk wanda ya ratsa kasuwar Ladipo da ke Mushin a Legas, ko unguwar kanikawa ta Apo a Abuja, ko kasuwar Nkwo ta garin Nnewi, zai ga rim ɗin alminiyam jere a bakin shaguna suna ƙyalli. Akwai sababbi da ake shigowa da su daga Sin da Dubai, akwai kuma na hannu da aka ciro daga motocin Turai da Amurka. Ciniki ne mai tafiya, domin masu motoci na sauya rim ko dai saboda ado, ko kuma saboda rami ya lanƙwasa na asali. Sai dai kuma akwai wani ɗan ƙaramin abu a cikin tayar motocin zamani wanda mafi yawan masu saye ba sa sanya shi cikin lissafi, har sai bayan an biya kuɗi, an hau titi, wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Wannan abu shi ne na'urar lura da iskar taya, wadda kanikawa ke kira sensa.

Asalin na'urar

Motar Porsche 959 ta shekarar 1986 ita ce motar fasinja ta farko da ta fito da irin wannan tsari. Amma abin da ya sa ya game duniya shi ne haɗurran da aka yi a Amurka da motocin Ford Explorer masu tayoyin Firestone, lamarin da ya kai ga janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa a watan Agusta na 2000. A wannan shekarar ce majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ake kira TREAD, kuma daga ranar 1 ga Satumba, 2007, ya zama wajibi kowace sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a ƙasar ta kasance da tsarin, wanda aka fi sani da TPMS. Tarayyar Turai ta bi sahu, inda ta wajabta shi ga dukkan sababbin motocin fasinja daga Nuwamba na 2014.

Tun da yake kaso mai yawa na motocin hannu da ake saukewa a tashoshin Apapa da Tin Can daga Amurka suke fitowa, ma'anar wannan ita ce, Camry ko Highlander ko Accord ta Amurka ƙirar 2008 zuwa sama da ke yawo a titunan ƙasar nan, da tsarin ta zo, ko mai ita ya sani ko bai sani ba.

Tsarin iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ake ɗaura sensa a cikin kowace taya, a gindin bawul, tana auna iska tana aika sakamako ta siginar rediyo zuwa kwamfutar motar. Na biyu ba shi da sensa ko kaɗan. Yana dogara ne da na'urar birkin ABS wadda ke ƙidaya juyawar kowace ƙafa, domin tayar da ta rage iska takan ɗan tsuke, ta riƙa juyawa da sauri fiye da sauran. Mai mota irin ta biyu ba shi da damuwa idan ya sauya rim, illa ya sake saita tsarin bayan an daidaita iska. Mai irin ta farko kuwa, tilas ya yi shiri tun kafin ya taya kaya.

Awon da ake dubawa a jikin rim

Rim ba a sayensa da ido. Abu na farko shi ne yawan ramukan noti da faɗin da'irar da suke kai. Camry da Accord da Sienna da Highlander suna da rami 5 a kan milimita 114.3, Corolla ta Amurka ƙirar 2003 zuwa 2013 tana da 5 a kan 100, Mercedes-Benz 5 a kan 112, Peugeot 406 tana da 4 a kan 108, Hilux da Prado kuwa 6 a kan 139.7. Tazarar da ke tsakanin 112 da 114.3 ba ta ganuwa sosai, har wani makanike kan iya tilasta noti ya shiga. Wannan ganganci ne, domin yana gajiyar da ƙusoshin ƙafa har su karye ana cikin tafiya.

Na biyu shi ne ramin tsakiya. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1, na Mercedes 66.6. Masu ƙera rim na kasuwa sukan buɗa ramin da faɗi don ya shiga motoci da dama, saboda haka ana buƙatar zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari na iya kama karkarwa idan mota ta ɗauki gudu.

Na uku shi ne lambar da ake rubutawa bayan haruffan ET, wadda ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya turo waje. Idan ya shige da yawa zai goga birki ko shokazoba. Idan ya turo da yawa zai goga jikin mota, ya kuma riƙa cin boris. Na huɗu shi ne nauyin da rim zai iya ɗauka, wanda masu motocin haya da na ɗaukar kaya bai kamata su yi wasa da shi ba. Haka zalika mazaunin noti ya bambanta: rim ɗin alminiyam na asali na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da wasa, na Honda mai zagayayyen gindi, alhali mafi yawan na kasuwa suna son mai tsinin gindi. Wanda ya sayi rim bai sayi notin da ya dace da shi ba, cinikinsa bai kammala ba. Tambarin JWL da VIA na Japan alama ce ta gwajin inganci, ko da yake masu jabu ma suna kwaikwayonsa, don haka sanin dillali ya fi dogaro da tambari.

Game da ƙara girma kuwa, ƙa'ida ita ce kada tsayin taya gaba ɗaya ya sauya fiye da kashi 3 cikin 100. Alal misali, taya mai lamba 215/60R16 tsayinta kimanin milimita 664 ne, mai 215/55R17 kuma 668, mai 225/45R18 kuwa 660. Duka ukun suna cikin ƙa'ida. Amma kaurin gefen taya ya sauko daga milimita 129 a ta farko zuwa 101 a ta uku, kuma wannan gefen shi ne ke shanye dukan rami. A kan hanyoyi masu ramuka, babban rim na nufin yawan ziyartar mai faci.

Zaɓi uku game da sensa

Mai saye na da hanyoyi uku. Ta farko, a ciro sensa daga tsohon rim a mayar kan sabo. Ita ce mafi araha, kuma motar ta riga ta san lambobinsu. Amma a fara tabbatar da cewa ramin bawul na sabon rim zai karɓe ta, ta kwanta daidai, a kuma sauya robar toshiya da notinta, domin tsohuwar roba ba ta sake kamawa. Ya kamata a tuna cewa batirin sensa a rufe yake ba a sauya shi, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10 ne. Motar 2010 da ke ɗauke da sensa ta asali, batirinta ya riga ya ci zamaninsa.

Ta biyu, a sayi sababbi na asali, irin na kamfanonin Pacific ko Schrader ko Continental, gwargwadon wanda ya ƙera wa motar. Ta uku, a sayi na gama-gari, kamar na Autel, waɗanda ake iya kwafa musu lambar tsofaffin da na'ura. A nan ne ake yawan tafka asara, domin motocin Amurka da yawa na amfani da mita 315 MHz, na Turai kuwa 433 MHz. Sensar da aka ciro daga motar Jamus ba lallai ba ne ta yi magana da motar da ta fito daga Amurka, ko da tambarinsu ɗaya ne.

Bayan an ɗaura, dole ne motar ta san sababbin lambobin. Wasu motoci kan koya da kansu bayan 'yar tafiya, amma da yawa daga cikin motocin Toyota da Lexus sai an jona na'ura a kwamfutarsu an shigar da lambobin. Ya kamata kuɗin wannan aiki ya shiga cikin ciniki tun farko.

Hattara a wurin mai faci

Sensa da yawa ba tsufa ke kashe su ba, liba da guduma ne. Kafin a ɓalle taya, a shaida wa mai faci cewa akwai sensa, ya fara nesa da bawul. Kada a sa ƙwayar bawul ta tagulla a cikin bawul ɗin alminiyam, domin ƙarafan biyu kan ci juna su manne. Haka kuma ruwan toshe huda da ake ɗurawa cikin taya na iya toshe ƙofar sensa.

Fitilar kanta tana magana iri biyu. Idan ta kama ta tsaya, iska ce ta yi ƙasa. Idan ta yi ta ƙyaftawa na kimanin minti ɗaya bayan an tayar da mota sannan ta tsaya, tsarin ne ya samu matsala. Bisa dokar Amurka, sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 fitilar ke kamawa, wato tayar da ke buƙatar awo 32 sai ta sauko 24. Saboda haka sensa ba ta ɗauke wa direba auna iska da geji ba, da safe kafin taya ta yi zafi, bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. A lokacin hunturu, musamman a wurare irin su Jos, sanyin asuba kaɗai kan sa awo ya sauka.

Lissafin ɗan kasuwa

Wasu kan liƙa baƙin tef a kan fitilar, ko su sa a cire ta. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daidaita iska na iya inganta cin mai da har kashi 3 cikin 100. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai motoci goma a kan hanya. Bugu da ƙari, taya mai ƙarancin iska tana cinyewa ta gefe, tana tara zafi, kuma zafi ne ke fasa taya a doguwar tafiya, abin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunne a kai.

Ga dillalai kuwa, wannan dama ce. Shagon da ya tanadi na'urar saita sensa, da zobban cike giɓi, da notunan da suka dace, ya kuma sayar da su tare da rim a farashi guda, zai riƙe abokan cinikinsa. Mai saye kuma ya nemi a rubuta masa a rasit cewa fitilar za ta mutu kafin ya bar wurin. Hausawa dai sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.