Rawar Malami Wajen Zaɓen Makaranta ga Ɗalibi Mai Sha'awar Turanci da Rubutu

1.0 Gabatarwa

Daga cikin nauyin da ya rataya a wuyan malamin harshe akwai shiryar da ɗalibin da ya kammala sakandare zuwa makarantar da ta dace da baiwarsa. A yankin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke raya noman shinkafa da tumatir da alkama, kuɗin karatun yaro yakan fito ne daga amfanin gona. Saboda haka, kuskure wajen zaɓe na iya cinye wahalar kaka guda da shekara guda ta rayuwar ɗalibi. Wannan darasi zai duba abubuwan da ya kamata malami ya lura da su idan ɗalibinsa na son nazarin Turanci domin ya zama marubuci.

1.1 Abin da Kwas ɗin ya Ƙunsa

Ɗalibai da dama sukan ɗauka cewa sashen Turanci wurin koyon rubuta labari ne. Alhali kuwa kwas ɗin ya kasu gida biyu: nazarin harshe, wato nahawu da ilimin furuci da ma'ana, da kuma nazarin adabi, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Ƙagaggen rubutu yanki ne kaɗan daga ciki. Don haka ya kamata ɗalibi ya ga jerin darussan sashen kafin ya yanke shawara.

1.2 Sharuɗɗan Shiga

Jami'o'i na neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, sannan ɗalibi ya zaɓi Adabin Turanci a jarrabawar JAMB. Nan ne gizo ke saƙa, domin wanda bai ɗauki adabi tun daga aji huɗu na sakandare ba, sai ya tarar da ƙofa a rufe. Wajibi ne malami ya faɗakar da ɗalibai da wuri, ya kuma riƙa duba ƙasidar JAMB ta kowace shekara.

1.3 Hanyoyi Biyu

Hanya ta farko ita ce shiga jami'a kai tsaye domin digiri na shekara huɗu. Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, duk suna da sashen Turanci da adabi, kuma Kura na kan hanyar da ta haɗa biranen biyu.

Hanya ta biyu ita ce kwalejin ilimi, inda ɗalibi zai yi NCE na shekara uku, ya haɗa Turanci da Hausa, sannan ya shiga jami'a a aji biyu. Wannan hanya ta fi tsawo, amma tana ba shi shaidar koyarwa da zai dogara da ita, tana kuma goge shi a harsuna biyu, abin da fassara da aikin jarida ke buƙata. Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja, horon malanta ya samu a Kwalejin Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

1.4 Ma'aunin Zaɓe

Malami ya taimaki ɗalibi ya binciki abu huɗu: ko hukumar NUC ko NCCE ta amince da kwas ɗin, yanayin ɗakin karatu, samuwar dandalin marubuta, kamar reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, da ke Kano, da kuma kuɗin makaranta da masauki gwargwadon ƙarfin iyaye.

1.5 Kammalawa

Makarantar da ta dace da mai son rubutu ita ce wadda ya cika sharuɗɗanta, iyayensa za su iya ɗaukar nauyinta har ƙarshe, kuma za ta sa shi yawan karatu da rubutu a ƙarƙashin malamai masu gyara.

Auna Fahimta

1. Bambanta nazarin harshe da nazarin adabi.
2. Kawo amfani biyu na haɗa Turanci da Hausa a matakin NCE.
3. Tsara shawarar da za a bai wa ɗalibin Bunkure da ba shi da kiredit a Adabin Turanci.