Darasi a kan Riƙon Amana: Kurmin da ke Ƙarƙashin Gona

Waɗansu masu sabon shiga hanyar Almasihu sukan yi zaton bangaskiya abin ɗakin sujada ce kaɗai, ba ruwanta da gatari ko fartanya. Wannan kuskure ne. Littafin Farawa, sura 2, ya koya mana cewa aikin fari da Allah ya ba mutum shi ne noman gonar da ya sa shi a ciki, da kiyaye ta. Ayyuka biyu ke nan, amma yawancinmu na farkon kaɗai muka riƙe. Gonar da kake ci daga gare ta amana ce a hannunka, gama ka same ta wurin kakanninka, za ka kuwa bar ta ga jikokinka. Domin mu gane yadda jama'a za su riƙe wannan amana tare, bari mu duba abin da ya faru a ƙasar Maraɗi, cikin Nijar.

1. Yadda ƙasa ta tsiraita

A zamanin kakanni ƙasar Maraɗi tana da itatuwa da yawa. In gona ta gaji, sai a bar ta saura shekaru, daji ya rufe ta, ƙarfinta ya komo. Da mutane suka yawaita, sai filin bari ya ƙare. Aka kuma koya wa manoma cewa gonar kirki ita ce wadda aka share sarai, ba ko kututture. Bugu da ƙari, dokar daji ta wancan lokaci ta mai da itatuwa na hukuma, har mutum ya iya shan tara saboda itacen da ke cikin gonarsa. Wane ne zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba? Sai kowa ya riƙa sara a ɓoye, ba mai kiwo.

Sa'an nan fari ya zo, a 1973, ya sāke zuwa da tsanani a 1984. Iska ba ta da abin da zai tare ta. Manomi yakan shuka gero, yashi ya binne tsiron, ya sāke shuka sau biyu ko uku cikin damina guda. Mata suka riƙa tafiya mai nisa neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, watau abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Haka yunwar bana ta riƙa haifar ta baɗi.

2. Abin da aka gani a gefen hanya

A 1981 wani masanin aikin gona daga Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi cikin aikin mishan na SIM. Ya yi ta renon 'ya'yan itace yana kai wa ƙauyuka a dasa, amma yawancinsu suka mutu, waɗansu da ƙishi, waɗansu awaki suka cinye, waɗansu gara ta ci. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya kusa fid da zuciya.

Wata rana a 1983 yana tafe da 'ya'yan itace a mota, ya tsaya domin ya rage iskar tayoyi, ya iya ƙetare yashi. Ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda manoma ke sarewa kowace shekara wajen sassabe. Da ya duba ganyensa, ashe itace ne, wanda aka sare tun da daɗewa, saiwarsa kuwa tana nan da rai, tana fid da toho kowace shekara. Da ya ɗaga ido, ga irinsa ko'ina cikin gonaki. Ashe kurmin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa yana jira a ƙyale shi ya tashi.

Ayuba, a sura 14 ta littafinsa, cikin tsananin baƙin ciki, ya lura da wannan al'amari: kututturen da aka sare yakan sāke tohowa in ya sami danshi. Dalilin a fili yake. Ɗan itacen dashe sai ya fara neman ruwa da ƙaramar saiwa, amma tohon kututture yana shan ruwa da tsohuwar saiwa wadda ta riga ta nutse cikin ƙasa. Saboda haka yana girma da sauri, yana kuma jimre rani.

3. Yadda ake yin aikin

Manoman Maraɗi suna kiran wannan aiki sassabin zamani. Ba ya bukatar kuɗi, ko rijiya, ko shinge. Ga yadda ake yi.

Da fari, kafin damina, ka zaga gonarka ka zaɓi kututtukan da za ka bari, bisa ga amfanin kowane: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, kuka, da sauransu.

Na biyu, a kan kowane kututture ka zaɓi rassa mafi tsawo, mafi miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka sare sauran, domin ƙarfin saiwa ya taru wuri kaɗan.

Na uku, ka datse ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsawon sandar. Ka yi da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama, kada ɓawo ya tsage.

Na huɗu, ka ɗaura ƙyalle ko wata alama, kowa ya sani mai gona ne ya bar wannan da gangan.

Na biyar, ka komo bayan 'yan watanni ka cire sabon toho. Kowace shekara kana iya sare reshe ɗaya domin wuta ko gini, ka bar wani ya maye gurbinsa.

A cikin itatuwan nan gawo yana da wata baiwa ta daban. Da damina, sa'ad da gero ke son rana, sai ya zubar da ganyensa. Da rani kuwa ya yi kore shar. Dabbobi sukan taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa hatsin gindin gawo yakan fi na sauran gona kyau.

4. Mutum ɗaya ba ya iyawa

Nan ne zancen ya shafi halin mutum. Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada da fari, maƙwabta kuwa suka yi musu dariya, suka ce ragwaye ne masu ƙazamar gona. Waɗansu ma suka bi dare suka sare musu itatuwan. A yunwar 1984 mishan ta raba abinci a ƙauyuka da yawa, bisa sharaɗin kowa ya bar toho a gonarsa, aka kuwa tsare itatuwa wajen 500,000. Amma da rabon abinci ya ƙare, aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Abin da mutum ya yi domin tukwici, ran da tukwicin ya ƙare yakan bar shi.

Duk da haka waɗanda suka bar nasu suka ga amfani: itacen wuta a kusa, abincin dabbobi da rani, gero mai tsayawa da shuka guda. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, labari ya bi kasuwanni daga ƙauye zuwa ƙauye. A ƙasar Agye, a ƙauyuka irin su Ɗan Saga, mutane suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, da maza da mata da Fulani makiyaya a ciki, suka yanka wa kansu ƙa'idodin sara da horon mai ƙetare su. Gaskiyar masu iya magana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2004 Nijar ta yi sabuwar dokar daji wadda ta ƙara wa manoma iko bisa itatuwan gonakinsu.

Masana da suka gwama hotunan ƙasar da aka ɗauka daga sama sun ƙiyasta a 2009 cewa aikin ya kai hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 kowace shekara. An kuma kai dabarar Humbo a Habasha, da ƙasashe da dama. A 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya rayar da busasshiyar ƙasa da 'yan ramukan taki masu tara ruwa. Amma mu tuna, talakawan manoma ne suka yi aikin da hannuwansu, yawancinsu kuwa Musulmi ne.

5. Abin da ya wajaba ga mai bi

Na fari, kada ka sari itacen da maƙwabcinka ya bari, ko da dare ne, ko da ba mai gani. Wannan sata ce, daidai da ɗiban hatsi a rumbunsa. Kada kuma ka saki awakinka su cinye tohonsa.

Na biyu, kada ka ji tsoron dariya. Wanda ya riga ya jimre ba'a saboda bangaskiyarsa bai kamata ba'ar gona ta kā da shi ba.

Na uku, in mai gari ya kira gayya domin tsaron itatuwa, ko haƙa ramukan taki, ko kashe wutar daji, ka zama cikin na fari da za su fito. Kada ka ce sai da 'yan'uwa masu bi za ka yi aiki, gama iskar da ke binne geronka ita ce ke binne na kowa. Ka girmama makiyayi, ka zauna da shi a daidaita hanyar dabbobi.

Na huɗu, ka tuna da gwauruwa da tsoho marar ƙarfi. Yini guda na samari ya isa a gyara kututtukan gonarsu.

Na biyar, ka yi haƙuri. Kubawar Shari'a, sura 20, ta hana Isra'ilawa sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi. In haka ne cikin yaƙi, balle a zaman lafiya, saboda ɗan kuɗin gawayi na kasuwa guda? Itacen da ka bari bana, watakila ɗanka ne zai ci moriyarsa, wannan kuwa ba hasara ba ce.

Tambayoyi domin bita

1. Waɗanne ayyuka biyu Allah ya ba mutum cikin gona?
2. Don me tohon kututture ya fi ɗan itacen dashe saurin girma?
3. Me ya sa aka sare yawancin itatuwa bayan rabon abinci ya ƙare?
4. Kututtuka nawa masu rai ke cikin gonarka? Ka je ka ƙidaya su cikin makon nan, ka kawo lissafin ranar Lahadi.
5. Wane maƙwabci za ka fara gaya wa wannan labari?