Nazarin Yadda Ake Adana Sakamakon Gaɓoɓin Gini a Manhajar OpenSees

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake adana sakamakon gaɓoɓin gini a manhajar OpenSees. An nuna cewa manhajar ba ta ajiye komai sai abin da aka umarce ta kafin lissafi ya fara, kuma alƙaluman da ta fitar ba su da amfani matuƙar mai nazari bai san jerinsu da mafuskantarsu da gurbin da aka auna su ba.

1.0 Gabatarwa

Dabarar rarraba gini zuwa ƙananan gaɓoɓi domin lissafa ƙarfinsa ta samu sunan da aka san ta da shi a shekarar 1960 daga Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka. A wannan jami'a ce aka gina OpenSees domin kwaikwayon abin da girgizar ƙasa ke yi wa gini, inda Frank McKenna da Gregory Fenves suka kasance jagororin aikin. Ana rubuta mata umarni da harshen Tcl ko Python. A wannan maƙala, “gaɓa” na nufin ginshiƙi ko bim guda, “mahaɗa” kuwa wurin da gaɓoɓi suka haɗu. Umarnin da ke rubuta sakamako an kira shi “magatakarda”, saboda aikinsa ya yi daidai da na mai rubuta abin da ya gudana a zaure.

2.0 Yadda Magatakarda Ke Aiki

Manhajar tana yin lissafi mataki-mataki. Duk matakin da ya kammala, magatakarda yakan rubuta layi ɗaya a fayil. Misali:

recorder Element -file g1.out -time -ele 1 localForce

Wannan umarni ya ƙunshi sunan fayil, da buƙatar a sa lokaci a farkon kowane layi, da lambar gaɓa, da nau'in sakamakon da ake so. Wajibi ne ya zo kafin umarnin analyze, domin matakin da ya wuce kafin a naɗa magatakarda ba ya shiga fayil. Wanda ya manta, sai dai ya sake lissafin daga farko, ko da ya ɗauki yini guda.

3.0 Jeri da Mafuskanta

A gini mai fuska biyu, kowace mahaɗa tana da hanyoyin motsi 3, don haka bim ko ginshiƙi yakan ba da alƙaluma 6: uku na bakin farko, uku na bakin ƙarshe. A gini mai fuska uku sukan zama 12. Fayil ɗin ba shi da kanun da zai bayyana kowannensu.

A nan ne kuskure ya fi aukuwa. Idan aka nemi localForce, ana auna ƙarfi ne bisa tsawon gaɓar kanta, saboda haka alƙalami na farko shi ne nauyin da ke danne ginshiƙi. Idan kuwa globalForce aka nema, ana aunawa bisa mafuskantar ginin gaba ɗaya, sai alƙalami na farko a ginshiƙin tsaye ya zama ƙarfin da ke tura shi gefe. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin wancan zai iya tsara wa ginshiƙi rodin da bai kai nauyinsa ba. Haka kuma manhajar ba ta da ma'auni nata. Wanda ya shigar da mita da kilonyuton, su zai tarar a sakamako.

4.0 Gurbin Awo

Idan ana son sanin halin kankare da rodi a cikin gaɓa, akan nemi sakamakon wani yanki nata. Sai dai gurbin yankin ya danganta da tsarin lissafin da aka zaɓa. A tsarin Gauss-Lobatto mai gurabe 5, yanki na 1 yana daidai bakin gaɓa. A tsarin Gauss-Legendre kuwa yana nesa da bakin da kusan kashi 4.7 cikin 100 na tsawonta, wato kimanin santimita 14 a ginshiƙi mai mita 3. Tun da a gindin ginshiƙi ƙarfin lanƙwasawa ya fi tsanani lokacin girgiza, wannan 'yar tazara tana iya rage abin da aka karanta.

5.0 Yawan Bayanai

Girgizar daƙiƙa 40 da aka lissafa duk bayan daƙiƙa 0.01 tana ba da layuka 4,000. Idan gaɓoɓi 100 ne, alƙaluma 2,400,000 ke nan. Mai neman iyakar ƙarfi kawai zai iya amfani da EnvelopeElement, wanda ke rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma da kuma wanda ya fi yawa ba tare da la'akari da alamarsa ba. Illarsa ita ce, iyakar matsi da iyakar lanƙwasawa ba lallai su faru a lokaci ɗaya ba, don haka haɗa su a tsara ginshiƙi yana buƙatar hattara.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ingancin nazari bai tsaya ga lissafi kaɗai ba, ya haɗa da abin da aka rubuta da yadda aka karanta shi. Ana ba ɗalibi shawarar ya fara gwada magatakardansa a kan ginshiƙi guda da zai iya lissafawa da hannu. Ginshiƙi mai mita 3 da aka kafe gindinsa, aka tura kansa da kilonyuton 10, dole gindinsa ya nuna lanƙwasawar kilonyuton-mita 30. Idan ba a ga wannan adadi a gurbin da ake tsammani ba, to a gyara umarnin kafin a shiga babban gini.