Agogon da za ka bar wa ɗanka

Wani manomi daga wajen Makoɗa ya aiko mini da tambaya. Bana riɗinsa ya yi kyau, ya kai Dawanau ya sayar, har ya rage 'yan kuɗi bayan ya ware na taki. Yana so ya sayi agogon hannu mai tsada, ya ɗaura na 'yan shekaru, daga baya ya bar wa babban ɗansa abin tunawa. Wai ko ya dace?

Malam, fara raba niyyarka gida biyu. In ajiyar dukiya kake nufi, cire agogo daga lissafi. Ranar da ka fito da shi daga shago darajarsa ta fara zubewa, in kuma matsi ya zo tsakiyar damina, mai saye zai taya shi kamar kayan gwanjo. Tunkiyar da ka saya a kasuwar Dambatta tana haihuwa, ta bar maka taki a turke. 'Yan kunnen zinarin uwargida ana ɗora su a sikeli, a biya gwargwadon giram. Agogo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Akwai irin su Rolex da kan riƙe farashi, amma kuɗin guda ɗaya na asali ya isa sayen gona, kuma wanda za ka gani a faranti bakin titi da wannan suna, jabu ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In kuwa tunawa ce zalla, to da magana. Da yawa cikinmu mun tashi mun ga Seiko 5 ko Rado a hannun kakanninmu alhazai, tsarabar Makka, gilashin ya dushe amma yana tafiya. Seiko 5 ya fito tun 1963, kuma sirrin daɗewarsa shi ne ba ya amfani da batir. Motsin hannu ke yi masa wani. Irin wannan nake ba ka shawara ka nema, ko Orient, matsakaicin farashi, wanda masu gyaran agogo a Kano suka san cikinsa. Mai batir ya fi daidaita lokaci, gaskiya ne, sai dai in aka jefa shi a adaka shekara biyar aka manta, batirin kan zubo ya cinye injin.

Wajen saye, tafi da wanda ya san harkar, kada ka ji kunya. Dubi tsinken daƙiƙa: na mai motsin hannu yana tafiya sumul-sumul, na mai batir yana tsalle ɗaya-ɗaya. Wannan kaɗai bai isa shaida ba, don masu jabu sun iya kwaikwayo, saboda haka ka sa mai gyara ya buɗe bayan a gabanka, ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar agogon. Zaɓi maɗaurin ƙarfe, domin na fata zufar bazara ba ta barinsa ya shekara biyu. Ka guji na zinari. Malamanmu sun yi bayani cewa bai halatta namiji ya sa ba, ɗan naka kuma namiji ne.

Riƙo shi ne inda mutanen karkara muka fi yin asara. Kada ka shiga gona da shi. Bugun fartanya da saran gatari suna girgiza injin, ƙurar hunturu kuma tana bin duk wata kafa. Rubutun da ke bayansa cewa yana jure ruwa mita 30 ma'anarsa yayyafi ne kawai, don haka cire shi lokacin alwala. Kada ka kwantar da shi kan rediyo ko lasifika, maganaɗisu yana rikita masa lokaci. Duk bayan shekara biyar ko makamancin haka a wanke shi a sa masa mai. Na zuwa gona, ɗan Casio na roba ya wadatar, ko wayar da ke aljihunka.

Sai babbar maganar da mai tambaya bai yi ba. Malam, in ka bari har ta Allah ta kasance agogon yana hannunka, ya zama kayan gado. Za a yi masa kuɗi tare da gona da rumbu da shanun huɗa, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, kuma wasiyya ga magaji ba ta zartuwa sai sauran sun yarda. Na taɓa zama a wani rabon gado inda aka gama da gonaki lafiya, aka zo kan agogo da alkyabba 'yan uba suka daina gaisawa. Kyauta kuwa a mazhabarmu ta Malikiyya ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ya mallaka tun mai bayarwa yana da rai da lafiya.

Don haka ka zaɓi rana, ta ɗaurin aurensa ko ta saukar Alƙur'ani, ka cire daga hannunka ka ɗaura masa a gaban shaidu biyu. Ka tanadi wani abu ga ƙannensa, mata da maza, don a gidan da ake da ɗakuna biyu ko uku, kowace uwa tana kallon abin da aka ba ɗan kishiyarta.