Maigidana Yana Shan Giya a Ɓoye: Ina Mafita?

TAMBAYA

Likita, ni matar aure ce a Malam Madori, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana yana noman rani a fadama, yana kuma ɗan saye da sayar da shinkafa. Tun ambaliyar 2022 da ta cinye masa gona ya canza. Sai dare ya raba yake shigowa yana tangaɗi, ya cika baki da kanumfari don kada in ji wari. Kuɗin cefane ya ragu, har akuyata na sayar na biya masa bashi. Idan ya wartsake sai ya yi kuka, ya rantse ba zai ƙara ba, kwana kaɗan ya koma. Ban gaya wa kowa a danginmu ba. Ƙawata ɗaya da ta sani ta ce sammu ne. Don Allah ina mafita?

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya yaye miki, ya shirye shi. Wannan kaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma kin daɗe kina ɗauke da shi ke kaɗai. Daga nan gyara zai fara: a samu masu taya ki ɗauka.

Abin da ke damunsa

Yadda kika siffanta shi ya nuna giya ta riga ta kama shi. Alamun su ne waɗanda kika gani da idonki: ya ƙudurta bari ya kasa, yana ganin ɓarnar da take yi wa gidansa amma yana ci gaba, kuɗin abinci yana tafiya can. Idan mutum ya daɗe yana sha, ƙwaƙwalwa takan saba da giyar har ta daina aiki daidai sai da ita. Ranar da bai sha ba hannu ya riƙa rawa, zufa ta karyo, barci ya ƙaurace, zuciya ta yi ta bugu. Shi ya sa rantsuwar safe ba ta kai magariba. Mai yiwuwa da gaske yake yi lokacin da yake kuka, sai dai jikinsa ya fi ƙarfin alkawarinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma kusan mutum miliyan 400 na fama da larurar shanta. Ciwo ne sananne mai magani. Wannan bai ɗauke masa alhakin abin da yake yi ba, amma ya nuna cewa faɗa da gori kaɗai ba za su warkar da shi ba.

Ki kuma lura da lokacin da abin ya fara. Manoman Haɗeja da kewaye da yawa sun tashi ba ko buhu ɗaya a daminar 2022, ga bashin taki a wuya. Magidancin da ya kasa riƙe gidansa yakan shiga ciwon damuwa, ya rasa wanda zai gaya wa, sai wani aboki ya miƙa masa kwalba da sunan rage tunani. Idan aka yi maganin shan aka bar damuwar, komawa zai yi. Ba girkinki ba ne ya jawo, ba bakinki ba ne, kuma duk iya kwalliyarki da biyayyarki ba su isa su cire masa ita ba.

Rufin asirin da ke ciyar da ciwo

Tun shekarar 2000 Jigawa ke bin Shari'a, 'yan Hisba kuma suna kama giya suna fasawa. Don haka mai sha a garinmu a ɓoye yake sha, cikin gaggawa, yawanci mai ƙarfin nan ta 'yar leda ko ƙaramar kwalba da ke shiga aljihu, irin wadda hukumar NAFDAC ta sanar da hana yi da sayarwa a farkon 2024. Ita kuma matar gida sai ta zama mai gadin sirri: ta ce wa masu sallama ba ya jin daɗi, ta wanke amai kafin yara su tashi, ta biya bashi kafin mai bashi ya ɗaga murya a ƙofar gida. Da kyakkyawar niyya kike yi, amma kowane bashi da kika biya ya sauƙaƙa masa shan gobe.

Rufa wa miji asiri a idon gari abu ne mai kyau, ki ci gaba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mutum uku dole su sani: likita, babba ɗaya daga danginsa wanda yake jin kunyarsa, kamar yayansa ko kawunsa, da kuma waliyyinki ko mahaifiyarki. Ki zaɓi masu riƙe magana.

Daren da ya shigo a buge

Kada ki yi masa faɗa ko wa'azi a wannan hali, ba zai tuna ba, kuma a nan ne hannu ke saurin tashi. Ki kau da yara zuwa wani ɗaki. Ki ɗauke makullin babur, ki ɓoye wuƙa da adda. Idan barci ya kwashe shi, ki juya shi ya kwanta a gefe ɗaya, ki lanƙwasa gwiwarsa ta sama, domin mai maye da ya kwanta rigingine yana iya shaƙe amansa ya mutu. Idan kin tashe shi ya ƙi tashi, numfashinsa ya yi ƙasa, ko leɓensa ya canza launi, a nemi mota a kai shi asibiti a daren. Haɗarin ya ninka idan yana haɗawa da tiramol, kodin ko ƙwayar barci.

Idan ya taɓa dukanki ko ya yi barazana da makami, ki fita da yaranki zuwa gidan maƙwabta ko gidanku. Wannan tsira da rai ne, babu mai hankalin da zai kira shi yaji. Ki tanadi gidan da za ki buga wa ƙofa tun kafin ranar ta zo. Idan kuma ya furta saki a cikin maye, kada ku share maganar da safe. A sanannen ra'ayin mazhabar Malikiyya, sakin wanda ya bugu da gangan yana aukuwa. Ku kai wa malami masani ko alƙali ya duba kalmomin da ya faɗa.

Yadda za ki yi masa magana

Ki jira lokacin da ya wartsake, ya ci abinci, yara ba sa kusa. Ki faɗi abin da kika gani, abu ɗaya tak, ba tare da kiran sa mashayi ba. Misali: "Maigida, jiya babban yaronka ya ga ka faɗi a zaure, yau ya ƙi cin abinci. Ina tsoron abin da zai same ka. Ina so mu je asibiti ranar Litinin, zan raka ka." Buƙata ɗaya bayyananniya ta fi doguwar tuhuma shiga. Idan ya ƙi, ki bari, ki sake ɗagowa wani lokaci, sannan babban nan na danginsa ya shigo.

Ranar da ya dawo garau, ya ga bambanci: fuska a sake, hira, abincin da yake so. Ranar da ya sha, ki janye ba tare da rigima ba. Masu ba iyalan mashaya shawara sun daɗe da gano cewa wannan hanya ta fi tsawa da barazana jawo mutum zuwa magani. Kada kuma ki yi barazanar da kin san ba za ki cika ba.

Kuɗi da abinci

Ki daina biyan bashin da ya ci don sha. Dabbobinki, kayan ɗakinki da kuɗin adashinki haƙƙinki ne, kada su ƙara fita. Ciyarwa wajibinsa ce. A gaban yayansa, a yi yarjejeniya cewa da an yi girbi za a ware shinkafar ci ta shekara da kuɗin makarantar yara kafin buhu ɗaya ya tafi kasuwa. Kwanakin da aka sayar da amfani, kuɗi ya cika aljihu, su ne mafi haɗari gare shi.

Kada ya bari kwatsam ba likita

Wannan ne abin da iyalai da yawa ba su sani ba. Wanda ya saba sha kullum, idan ya yanke rana ɗaya, alamun janyewa sukan fara cikin awa 6 zuwa 24. Wasu sukan yi jijjiga kamar masu farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na uku wasu sukan rikice, su yi zazzaɓi, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango. Sai a ce aljanu ne, alhali yanayi ne da ke iya kisa idan ba a kai asibiti ba. Saboda haka kada a kulle shi a ɗaki don ya bari.

Babban Asibitin Haɗeja ba nisa da ku, ku fara da can. Ki gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha da tsawon lokacin. Za a ba shi maganin da zai sauko da shi a hankali, da bitamin B1 mai kare ƙwaƙwalwa, a auna hanta da hawan jini. Ku nemi gwajin ciwon hanta nau'in B, domin ya yawaita a ƙasarmu, kuma haɗuwarsa da giya na saurin lalata hanta. Idan idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ko ya yi aman jini, kada a kwana. Don kulawar ƙwararru akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, da na Dawanau, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka. Akwai magunguna masu rage sha'awar giya, amma likita ne ke rubuta su. Kada ki zuba masa wani magani a abinci a ɓoye, kowa ya ba ki.

Ku guji gidan mari. A 2019 an kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka.

Batun sammu da addu'a

Ki yi ta addu'a, ki tashi cikin dare, amma kada ki kai sauran kuɗinki ga mai cewa zai karya sammu. Addu'a da asibiti tafiyarsu ɗaya. Ki tuna haramcin giya ma mataki-mataki ya sauko, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i, har aka yanke a Ma'ida. Kuma ya zo a Buhari cewa Annabi (SAW) ya hana a tsine wa wani sahabi da aka sha kawowa saboda sha, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Limamin da zai ja shi a jiki ya fi wanda zai ambace shi a huɗuba amfani. Idan ya fara magani ya zame ya sake sha, a koma wurin likita. Da yawa daga waɗanda suka rabu da ita sai da suka faɗi suka tashi.

Yara da ke kanki

Yara sun sani, ko ba ki faɗa ba. Ki gaya wa manyan cewa babansu ba shi da lafiya, ana nema masa magani, kuma ba laifinsu ba ne. Kada a aike su sayo komai ko nemo shi, kada su hau babur ɗinsa idan ya sha. Ke ma ki auna jininki, ki ci gaba da zuwa Islamiyya da sana'arki.

Idan an yi sulhu, manya sun sa baki, ya ƙi magani, cutarwa kuma ta ci gaba, Shari'a ba ta ɗaure ki ba. Kina iya kai ƙarar rashin ciyarwa ko cutarwa kotun Shari'a, alƙali na da ikon raba aure saboda cutarwa, akwai kuma hul'i. Wannan hukunci naki ne da waliyyanki, kada kowa ya gaggauta ki ta kowane ɓangare. A wannan makon dai, ki je wurin yayansa ko kawunsa ki gaya masa komai, ku tsayar da ranar zuwa asibiti. Allah ya ba shi lafiya, ya zaunar da gidanku.