Filin Shawara: Zarto Ke Yanka, Hannu Jagora Ne Kawai

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan mako, duka a kan injin siririn zarto, wato sikurol-so, wanda ake fitar da furanni da haruffa da kayan wasan yara daga jikin katako da shi.

Zartunana sai tsinkewa suke yi

Gwaggo, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne mai ritaya. Ɗana ya aiko mini da wannan inji daga Ingila don in rage zaman banza. Amma kafin in gama fure ɗaya zarto ya tsinke, kuma in na bi layi sai yankan ya karkace. Har na fara zargin tsufa ne ya ci hannuna. In haƙura in mayar da shi kwali?

*Malami mai ritaya, Zariya*

Allah ya gafarta Malam, ya yi wa yaron nan albarka. Kada ka mayar da shi kwali, ba tsufa ba ne. Duk wanda ya fara wannan aiki ta nan ya bi.

Fara da duba yadda ka ɗaura zarton. Haƙoran su fuskance ka, tsininsu kuma ya kalli ƙasa, domin lokacin saukowa yake yanka. In ka juya shi sama, katakon zai riƙa tsalle a hannunka. Sai ɗauri: ka tura zarton da yatsa daga gefe, inji a kashe. In ya lanƙwasa fiye da milimita 3, ya yi sako-sako, kuma sako-sakon zarto ya fi tsinkewa a kan wanda ya ɗaure tamau. In ka tashi daga aiki ka sassauta shi.

Na biyu, kowane kauri da zartonsa. Lambobin da aka fi amfani da su suna tashi daga 2/0, siriri ƙwarai, har zuwa 12 mai kauri. Filawud na milimita 3 zuwa 6 yana son lamba 2/0 zuwa 3. Katako mai kaurin milimita 12 zuwa 19 yana son lamba 5 zuwa 7. Abin da ya wuce haka, ko ice mai tauri, sai 9 zuwa sama. Ka fara da obece ko malaina, masu taushi. Maɗaci da ƙirya su jira sai hannunka ya faɗa.

Amma babban mai karya zarto shi ne gaggawa. Dubi tela a kan keke: allura ke ɗinki, shi juya yadi kawai yake yi. Haka nan ma. In ka danna katako da ƙarfi, zarton zai lanƙwasa baya, ya ɗauki zafi, ya tsinke. Hannuwanka biyu su danne katakon a kan teburin injin, su miƙa shi a hankali gwargwadon abin da haƙoran ke ci. A kan kwana, mutane suna tura katako gefe ba su sani ba. Ka riƙa sassauta hannu lokaci-lokaci. In ka ga katakon ya ɗan koma da kansa, to dā kana matse zarton. In ka iso kusurwa, dakatar da turawa, jingina katakon kaɗan da bayan zarton inda babu haƙora, ka juya shi a nan inda yake, sannan ka ci gaba.

Karkacewar layi kuwa yawanci daga ƙirar zarton ne. Akasarinsu suna fitowa daga masana'anta da ɗan kaifi a gefe ɗaya, shi ya sa suke ja gefe. Maganinsa ka ɗan karkata katakon yayin miƙawa har yankan ya hau layi. Ka ja layuka miƙaƙƙu da masu lanƙwasa a kan guntayen katako, ka yi ta bin su kafin ka koma kan fure. Ka sa fitila mai haske kusa, da tabaran karatunka. Kuma ka sani zarton nan abin ƙarewa ne, dozin-dozin ake sayar da shi. In ya dushe, canza shi ba asara ba ce. Sannu ba ta hana zuwa, Malam.

Maigidana ya cika mana ɗaki da ƙura

Gwaggo, maigidana ya kafa injin nan a falo. Kullum bayan isha'i yana kai, ƙura ta rufe kujeru da labule, ga ƙaramin ɗanmu mai asma tarinsa ya ƙaru. In na yi magana sai ya ce ba na son abin da yake so. Wallahi har na yi tunanin ɓoye wayar injin.

*Uwar yara uku, Kaduna*

'Yata, kada ki ɓoye waya, rigima kawai za ki saya. Amma gaskiya tana wajenki, kuma maganar ta wuce ta kujeru da labule. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta cikin hanci, ga masu shaƙarta shekara da shekaru. Ƙurar obece da ta iroko sanannu ne wajen tayar da asma. Allon MDF kuma da gam mai sinadarin fomaldehaid ake haɗa shi, ƙurarsa laushi gare ta, tana daɗewa a iska. Ɗakin da yaro mai asma ke zama bai dace da wannan ba ko kaɗan.

Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi. Ki fara da yaba abin da hannunsa ya fitar, domin namijin da ke dawowa gida ya zauna kan aikin hannu abin godiya ne. Sannan ki kawo maganar lafiyar yaron da tasa, ki zo masa da mafita: injin ya koma zaure ko rumfar tsakar gida inda iska ke ratsawa. Ya sa takunkumin ƙura mai lamba N95 ko FFP2, ba ƙyalle ba, da tabarau mai kare ido. A goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya a bushe. Ya canza riga kafin ya ɗauki yaron, ya kuma cire filogi in ya tashi. Yaron kuwa ku kai shi asibiti, ku faɗa wa likita zancen ƙurar. In maigidan ya ƙi ji, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa.

Ina so in fara, ba kuɗi ba wuta

Gwaggo, ni ɗaliba ce. Ina sha'awar yanka sunayen yara da haruffan koyon karatu, amma ba ni da kuɗin inji, wuta kuma sai an ga dama. Yayyena suna cewa aikin maza ne.

*Ɗaliba, Katsina*

'Yata, aikin nan ya girmi injin lantarki. A shekarun 1870 kamfanin Barnes na Amurka yana ƙera irinsa mai aiki da taka ƙafa, kuma daga 1895 mujallar Hobbies Weekly ta Ingila ta riƙa buga zane-zane don masu yi a gida, da yawansu da zarton hannu. Ki nemi zarton hannu mai dogon baka da siraran haƙora, da ɗan allo mai tsaga kamar harafin V da za ki ɗaure a bakin tebur. Ki je 'yan katako ko wajen kafintan unguwa ki sayi guntayen filawud na milimita 3 zuwa 6. Aikin ba ƙarfi yake so ba, ido da natsuwa yake so, kuma Allah bai ware wa maza su kaɗai ba.

Ki zana abin da kike so a takarda. Ki shimfiɗa salatif na takarda a kan katakon, ki manna zanen a kansa da gam, don ya ɓare ba tare da ya ɓata fuskar katako ba. In za ki cire ciki, kamar tsakiyar harafin O, ki huda ƙaramin rami, ki zura zarton ta ciki, ki ɗaure, ki yanka. Kullum ki gama yankan ciki kafin na waje, lokacin da katakon ke da ƙwari. In rubutun ajami ne, ki bar siririyar gada da za ta riƙe ɗigon harafin ba da na nun, in ba haka ba za su faɗi. Ki goge gefuna da samfefa, kuma abin wasan yaron da bai kai shekara 3 ba kada ya zama ƙaramin da zai iya haɗiyewa.

Ranar da Allah ya hore miki inji, mai faɗin wuya inci 16, wato tazarar da ke tsakanin zarto da bayan injin, ya ishe ki. Ki tabbatar yana karɓar zarto marar fil a kai, domin mai fil ba ya shiga ƙaramin rami. In na gwanjo ne daga Amurka, ki karanta jikinsa: tasu wutar bolt 120 ce, tamu 230, ba a jona shi sai da na'urar rage ƙarfin wuta. A kan inji za ki iya haɗa filawud uku ko huɗu da salatif ki yanka su lokaci guda.

Kada ki tsaya gardama da yayyenki. Ki yanka sunan ɗan ɗayansu ki ba shi kyauta.

Masu karatu, duk wanda ke da wannan sha'awa ya fara da abin da ke hannunsa, ya kare hancinsa da idonsa, ya kuma bi aikin a hankali. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.