Yadda Ake Ɓoye Akwatin Wasiƙa a Wuraren Shaƙatawa

Wasan akwatin wasiƙa ya samo asali ne daga tsaunukan Dartmoor da ke kudu maso yammacin Ingila, inda a shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool domin baƙin da suka jure wahalar kaiwa can su bar katinsu a ciki. A yau akwatin ƙaramin mazubi ne da ruwa ba ya shiga, ɗauke da littafin baƙi da hatimin roba wanda galibi mai akwatin ne ya sassaƙa da hannunsa, kuma mai nema yakan bi alamun da aka wallafa har ya gano shi, sannan ya buga hatiminsa a littafin, ya buga na akwatin a nasa littafin. Wasan ya bazu a Amurka bayan mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a 1998. Da yake 'yan wasan da laƙabi suke amfani, wajibi ne mai ajiyewa ya bambance wanda zai ɓoye wa sunansa da wanda bai kamata ya ɓoye masa ba.

Abin da ake fara yi shi ne neman izinin hukumar da ke kula da wurin, kuma a nan babu batun laƙabi, domin jami'in gandu yana da haƙƙin sanin cikakken sunan mai akwati da lambar wayarsa da ainihin inda zai ajiye shi. A wuraren shaƙatawa na ƙasa da gwamnatin tarayyar Amurka ke kula da su, doka ta hana barin kaya fiye da awa 24 ba tare da izini ba, jihohi da dama kuma suna ba da takardar izini ta musamman. Bayanan mai akwatin a ofis suke zama, ba sa shiga akwatin.

Daga nan sai zaɓen wuri. Ana nisantar gadoji da layin dogo da makarantu da filayen wasan yara, saboda duk wanda aka gani yana leƙe-leƙe a irin waɗannan wurare sai an zarge shi, komai kyan niyyarsa. Ba a haƙa rami, ba a kuma cusa akwati cikin kayan tarihi.

Mazubin kansa shi ya fi buƙatar lura, domin shi ne abin da mai wucewa zai fara gani, alhali bai san da wasan ba. Robar da ake hango abin da ke cikinta ta fi kowane mazubi dacewa, ƙarfe da bututun da aka naɗe da baƙin salatif kuwa kama suke da abin fashewa. A Dartmoor, inda sojoji ke atisayen harbi a wasu sassa, ƙa'idar 'yan wasan ta hana amfani da gwangwanin harsashi, don kada jama'a su saba da ɗaukar duk ƙarfen da suka tsinta a daji. A 2011 ma an rufe tsakiyar garin Wetherby da ke Ingila, har masu kwance bam suka fasa wani akwati, daga baya aka gano cewa na wani wasa ne makamancin wannan wanda ake yi da na'urar GPS. Saboda haka ake rubuta wa murfin da manyan baƙaƙe cewa akwatin na wasa ne, babu haɗari a cikinsa, tare da lambar izini idan an bayar.

A shafin farko na littafin ana sa laƙabi da adireshin imel da aka buɗe domin wasan kaɗai, ba adireshin gida ko wurin aiki ba, tun da ba a san hannun da littafin zai faɗa ba. Iyalan da ke yawo da yara su ma laƙabi ya ishe su, kada a rubuta sunan yaro ko makarantarsa. Haka alamun nema, bai dace su fara daga ƙofar gidan mai akwati ba, ko su ratsa da mutane ta gonar wani.

Bayan an ajiye, mai akwati yakan riƙa zagayawa yana dubawa, ya amsa saƙon hukuma da gaggawa, ya kuma ɗauke akwatin da zarar ya ga sawun masu nema ya fara kashe ciyawa ko izininsa ya ƙare. Wanda ba zai iya ba hukuma sunansa na gaskiya ba, bai cancanci ya ajiye akwati a wurin jama'a ba.